Keken Babanmu na Damagaram

Tun da muka dawo daga Damagaram bakina bai huta ba. In na je aji, matan da muke yaƙi da jahilci tare sai su tare ni tun daga zaure. In na je suna ko biki, kafin in cire takalmi an ce, "Dije, wai da gaske kun samo?" Na ba da labarin nan har na fara jin ina ƙara masa gishiri ba da niyya ba. Shi ne Malamarmu ta ce tunda yanzu hannuna ya faɗa, in zauna in rubuta shi sau ɗaya, mai so ta karanta da kanta, wadda ta kasa kuma ta dage da zuwa aji. To ga shi. Inda rubutun ya karkace a yi min haƙuri, da girma na koya.

Waɗanda ba 'yan Mandawari ba sai na fara gaya muku abin da ya kai ni. Ni ina tara tsofaffin hotuna, kuma ba da gangan na fara ba. Shekarun baya mijin maƙwabciyata ya rasu, danginsa suka ce a sauke hotonsa daga bango. Ta sauke, ta kai bakin murhu, hannunta ya ƙi. Sai ta naɗo shi a gefen zane ta ce, "Dije, ke mai ajiya ce, riƙe min." Daga nan magana ta bazu. Duk wanda ba zai iya ajiyewa ba, kuma ba zai iya ƙonawa ba, sai ya aiko min. Na tambayi maigidana, Malam Inuwa tela, ya ce in dai a rufe suke ba a rataye ba, shi bai ga laifi ba. Na zuba su a babbar kwalla ta jeren aurena. Akwai tsofaffin 'yan doka a ciki, da alhazan da suka je Makka a ƙasa, da 'yan katunan gidan waya masu hoton marina, waɗanda nake saya da kaina in na samu. Malam Inuwa yakan ce na fi mai unguwa jama'a, kuma nawa ba sa kawo ƙara.

Sai dai duk cikin kwallar nan babu fuskar ubana. Ina ciki ya rasu. Falke ne, yana kai turkuɗi Damagaram a kan jakuna. A tafiyarsa ta ƙarshe ya dawo ya gaya wa Inna cewa an ɗauke shi hoto a can, da keke da agogo, in ya koma zai karɓo. Bai koma ba, sanƙarau ya ɗauke shi a bazarar nan. A kan wannan 'yar magana yayana, Yaya Bala, ya gina gida har da bene. Bai wuce shekara biyar ba a lokacin, amma ya rantse yana tuna fuskar Babanmu sarai, kuma tun muna yara yake gaya wa kowa cewa ubanmu ya bar keke a Damagaram, tun zamanin da keke sai ɗan sarki sai malamin asibiti.

Wata rana Hajiya Zara, mutuniyar Damagaram da ke kawo mana turaren wuta da cuku, ta tarar ina shanya hotuna saboda sanyin damina. Ta ce, "Ai naki wasa ne. A garinmu akwai wani tsoho ɗan Dahome, adaka guda gare shi, duk na mutanen da ya ɗauka ba su dawo sun karɓa ba. Rabinsu fataken Kano ne."

Inna ta zo min wuni ranar, tana gefe tana tsinkar zogale. Na ga hannunta ya tsaya. Yanar ido ta daɗe tana rufe mata gani. Daga nesa da murya take gane mu, abu kuwa sai ta kawo shi dab da hanci. Can baƙuwa ta tafi. Tana ɗaura mayafi za ta koma gida ta ce, "In da za a je, da a je kafin idon nan ya ƙarasa." Tun da nake da Inna ban taɓa jin ta roƙi wani abu don kanta ba. Da dare na gaya wa Malam Inuwa, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya. Yaran ki bar min su, ba za mu mutu da garau-garau ba."

Ranar tafiya kowa ya zo da hankalinsa a hannu. Inna ta ƙullo kuka da daddawa, wai ƙasar Faransi ba su san miya ba. Ni na ɗauko kwallata, don Hajiya Zara ta ce tsohon ya fi son musaya a kan kuɗi. Yaya kuwa ya zo da doguwar igiya da famfon keke sabo fil.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

Ya ce, "Ke mace ce, ba ki san keke ba. Shekara da shekaru a ajiye, ai taya ta sace."

Watannin nan ne soja suka miƙa wa farar hula mulki, hotunan 'yan takara ba su gama ɓanɓarewa daga bangon gari ba. Direban fijon da muka shiga ya manna hoton mutuminsa a gilashin gaba, ƙato, har sai ya karkata wuya yake ganin titi. Inna ta kai fuskarta kusa ta duba, ta tambaye ni a hankali, "Ɗan'uwan direba ne ya rasu?" Ita a saninta ba a ajiye hoton mutum sai ya mutu. Direba ya ji, ya ce, "Iya, wannan ai yanzu ya fara rayuwa." Daga nan gardama ta tashi. Yaya da wani mai goro suka kama siyasa tun daga bakin ganuwa, kowa yana cewa yanzu an samu 'yanci, ba mai hana shi magana, kuma ba wanda ya bar ɗan'uwansa ya yi maganar.

Bayan Kazaure taya ta fashe. Muka sauka muka zauna a inuwa. Yaya ya buɗe jaka ya fito da famfonsa, ya miƙa wa direba da hannu biyu. Direba ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, "Alhaji, wannan in kunnenka ya toshe zai yi amfani." Mai goro ya yi dariya har ya ƙware. Yaya bai ƙara yi masa magana ba sai Daura, inda suka shirya a kan fura.

Kafin mu kai Kwangwalam, wato bakin iyaka, direba ya tsaya ya jiƙa tsumma ya ɓare hoton mutuminsa a hankali, ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce, "Jama'a, can har yanzu soja ne. Kowa ya ajiye jam'iyyarsa a nan, in mun dawo ya ɗauka." Motar da tun safe take kamar kasuwar Kurmi ta yi tsit.

A iyaka aka ce ni da Inna ba mu da takarda mai hoto, sai an yi mana. Akwai mai hoto a gindin bishiya, irin mai akwati a kan ƙafa uku, wanda yake cusa kansa cikin baƙin ƙyalle ya wanke maka nan take. Ni aka gama da ni ba wuya. Inna ta zauna a benci ta sunkuyar da kai.

Mai hoto ya ce, "Iya, ɗago ki dube ni."

Inna ta ce da ni, ba da shi ba, "Gaya masa ni ba na duban namiji ido cikin ido. Ko ubanku ban yi wa haka ba."

Ya lallaɓa, ya lallaɓa, ya gaji ya ɗauka. Da aka wanke sai ga tsakiyar mayafi da ɗan goshi. Ya ce da wannan ko akuya ba za a bari ta wuce ba. Sai na tsaya kusa da akwatin na ce, "Inna, ai ba ya nan, ya shige buhu. Ni za ki duba." Ta ɗago ta harare ni, shi kuwa ya danna. Wannan ne hoton fuskar Inna na farko a duniya, tana harara. Na ce a ba ni guda in sa a kwalla. Ta ce, "Ban mutu ba tukuna."

A Ɗan Barto, ɓangaren Nijar, wani jandarma dogo ya sa aka sauke kaya. Yaya, wanda ya ce ya iya Faransanci don ya taɓa zama da wani Bazabarme, ya ƙame ya sara masa bai ce uffan ba. Jandarman ya sunsuna daddawar Inna ya mayar da sauri. Ya ɗaga igiya da famfo ya dubi Yaya, Yaya ya dubi sama. Sai ya zo kan kwallata. Ina jin ya ɗauka dambun nama ne, don har ya ɗan yi murmushi kafin ya buɗe.

Ya ce da Hausarsa tangaran, "Su wane ne waɗannan?"

Na ce, "Mutanen unguwarmu ne, ranka ya daɗe."

"Ina takardunsu?"

Na ce, "Duk sun riga mu gidan gaskiya."

Ya mayar da murfin a hankali kamar mai tsoron tashin jariri, ya ce Allah ya jiƙan su, ya ce mu wuce.

Muka bi ta Matamai da Kance da Takeita, muka shiga Damagaram rana ta yi sanyi. Hajiya Zara ta sauke mu a gidanta cikin Birni, ta yi mana karɓa irin wadda ban san yadda zan rama ba. Mutanen kirki ne, Hausarsu tamu ce, sai dai fura a bakinsu hura ce, tafiya kuma tahiya. Abin da ya fara ba ni mamaki mata a kan babur, da zane da ɗankwali, ba mai ko waiwayensu. Na biyu burodinsu, dogo kamar muciya, a hammata ake ɗauko shi ba ko takarda. Inna ta taɓa ta ce wannan ba ci aka yi shi don shi ba, ta ajiye nata kusa da ita tana korar kaji. Da ta kwance ƙullin kukarta za ta ba masu gida, uwar Hajiya Zara ta kama hannunta ta kai ta ɗakin ajiya, ta ɗora shi a kan buhunan kuka har rufi. Ta ce, "Daga nan ake kai muku." Inna ta dawo ta zauna, ta ce ai dama tsaraba ce.

Washegari na so mu yi sammako, amma Yaya ya ce sai ya gaisa da mutanen gari tukuna, kada a ce 'ya'yan mai keke ba su da tarbiyya. Ya faɗa hannun wasu Buzaye masu shayi a ƙofar gida. Ya shanye ɗan kofin farko ya miƙe zai yi godiya, suka ce a'a, shayi uku ne, tashi a na farko raini ne, kuma kowanne sai an sake hura gawayi. Ni da Inna muna zaure da mayafanmu har rana ta take tsaka. Da muka fita muka tarar gari a rufe. Kantuna a kulle, titi ba kowa, har karnuka sun kwanta.

Yaya ya tari wani mai ruwa ya ce, "Malam, wane babban mutum ne ya rasu?"

Ya ce, "Ba wanda ya rasu. Barci ake."

Ashe haka suke yi kullum, daga azahar sai la'asar. Inna ta ce gari guda a kwanta da rana kamar masu jego. Muka zauna a gindin wata bedi, wato darbejiya, a unguwar Zango muna kallon ƙofar mai hoto. Na lura Inna tana ta goge idonta da gefen mayafi, ba kuka take ba, so take ya washe.

Da la'asar aka buɗe. Baba Kwami sunansa, ɗan tsamurmurin tsoho mai farin gashi, Hausa a bakinsa kamar a Madabo aka haife shi. Ya shigar da mu wani ɗaki mai tsohon labule a bango, an zana bene da teku a jiki, duk sun koɗe.

Yaya ya gyara riga ya ce, "Mu 'ya'yan Malam Habu ne na Kano, falken turkuɗi. Za ka tuna shi, shi ne mai keke."

Tsohon ya ce, "Ɗana, duk masu keke ne."

Ya jawo adaka daga ƙarƙashin gado. Hotunan ba suna a jikinsu, gari-gari ya ɗaure su da tsumma. Ya kwance ƙullin Kanawa ya baza a tabarma. Yaya ya yi wuf ya ɗauki na farko ya ce, "Ga Baba." Mutum ne cikin babbar riga mai aska, da agogo a hannu, da takalmi sau-ciki, ya dafa keke. Sai idonsa ya kai kan na biyu. Shi ma babbar riga mai aska, da agogo, da sau-ciki, ya dafa keke. Na uku haka, na goma haka. Tabarma ta cika da maza, dogo da gajere, fari da baƙi, duk cikin riga ɗaya. A jikin wani ta tsaya a gwiwa, a jikin wani tana jan ƙasa. Na duba agogon, duk lokaci ɗaya yake nunawa.

Baba Kwami ya ce, "Bai taɓa aiki ba. Riga tawa, agogo nawa, takalmi nawa. Mutum ya shigo da ƙurar hanya da warin jaki, in wanke masa fuska, in mai da shi attajiri, ya tuɓe ya koma wurin jakunansa. Wa zai biya kuɗi a ɗauke shi yadda yake?"

Yaya ya ce da ƙaramar murya, "Keken fa?"

Tsohon ya ɗaga labulen ƙofar baya. Yana nan a jingine da katanga, ba kaca, ba taya, an ɗaura masa tsohon kwando, kaza tana kwanci a ciki. Ya ce wani Bature ne ya yar da shi, tun ranar da ya tsinto shi bai taɓa tafiya ba. Ni dai na dubi ƙasa, don in na dubi jakar da famfo yake ciki ba zan iya riƙe kaina ba, kuma yayana ne.

Yaya bai daɗe a ƙasa ba. Ya bi hotunan ya zaɓo wanda ya fi kowa kyau, dogo fari mai dogon hanci, ya ce, "To keke dai ya tafi, amma ga Baba. Dubi hancin, nawa ne sak." Hancin Yaya kuwa kowa a Mandawari ya san shi, ba sai na rubuta ba.

Baba Kwami ya ba Inna wani gilashi mai mariƙi da ke ƙara girman abu. Na zauna kusa da ita ina miƙa mata ɗaya bayan ɗaya. Ta kawo dab da ido, ta daɗe a kan fuska, ta ajiye, in miƙa wani. Har na Yaya ta duba ta ajiye. Muka kai ƙarshe, ta ce a sake. Muka sake. Sai ta ɗora gilashin a cinya.

Na ce, "Inna, idon ne?"

Ta ce, "Ba idon ba ne. Ina ganinsu." Sannan ta ce, "Fuskar ce ban sani ba."

Ta ce shekarun da suka yi tare ba su da yawa, rabinsu kuma yana hanya. In yana gari, da asuba ya fita, sai bayan isha ya shigo, fitila kuwa aci-balbal ce. In ta kawo abinci a durƙushe take, kanta a ƙasa, haka aka koya musu. Ta ce, "Na ɗauka in na gani zan gane."

Mun ɗauko tsohuwa mun ratsa iyaka da ita, ga mijinta a gabanta a kan tabarma, wataƙila ma ta riƙe shi sau biyu ta ajiye. Sai na kama tattara hotunan. Ita kuwa ta sake ɗaukar guda, ina jin don kada hannunta ya zauna haka, gilashin ya sauka can ƙasan hoton.

Ta ce, "Dije, tambaye shi. Takalmin nan duk shi suka sa?"

Tsohon ya ce, "Duk shi. Guda gare ni."

Inna ta ce, "To ubanku ba ya cikin waɗannan. Ƙafarsa ba ta shiga takalmin mutane. Baduku sai ya auna shi a kan fata yake yanka masa."

Baba Kwami ya kama haɓa. Can sai ya fara dariya shi kaɗai, ya tashi ya ɗauko wani gwangwani daga saman kabad. Ya ce nan yake zuba aikin da ya lalace, wanda ya ƙifta ido, da wanda ya motsa. Ya ce akwai wani Bakano da suka yi ta fama da takalmi, har da sabulu, ƙafa ta ƙi shiga. Mutumin ya kama dariya ya kasa dainawa, rana kuma tana faɗuwa, dole ya ɗauka a haka. "Na yi niyyar in ya dawo in sake masa kyauta. Ba takalmi, ga haƙora a waje, ai ba hoto ba ne."

Ya tono shi ya miƙa wa Inna. Ba ta ko kalli sama ba, ƙasa ta kai gilashin. Na leƙa ta kafaɗarta. Ga sau-ciki an ajiye a gefe, ga ƙafafu biyu kamar faranti, babban yatsan hagu ya hau kan na kusa da shi.

Ta ce, "Raƙumi ne ya taka shi. Nan wurin kuma kullum sai na cire masa ƙaya da allura in ya dawo, in shafa man shanu a fason." Ta sa ɗan yatsa a wurin. "Shi ne."

Yaya ya karɓa ya duba ya ce, "Wannan gajeren? Inna, ki dai sake dubawa." Inna ba ta kama sunan Yaya, ɗan fari ne. Ta ce da ni, "Gaya wa wannan ya dubi ƙafarsa." Yaya ya sunkuya ya dubi ƙafafunsa, waɗanda tun yana yaro ake tsokanarsa da su, har yau kuma sai an yanka masa takalmi. Ya daɗe yana dubawa. Sai na ga ya tura hoton kyakkyawan nan cikin 'yan'uwansa da gefen hannu, ya fita tsakar gida wai zai duba kaza.

Na mayar wa Inna hoton. Ta riƙe gilashin a kan ƙafafun, sannan ta fara hawa da shi a hankali, ta bi rigar aro, ta wuce agogon da ba ya aiki, ta kai fuska. Baƙi ne, mai faffaɗan kunne irin nawa da na autana, yana dariya har idonsa ya rufe rabi. Duk cikin mazan nan masu ɗaure fuska shi kaɗai ne yake dariya. Inna ta ja mayafi ta rufe bakinta, amma ba ta kawar da ido ba.

Ta ce, "Ashe wushirya gare shi."

Na ce, "Inna, ya yi kyau?"

Ta ce, "Ke dai ba ki da kunya." Ta ci gaba da kallo har aka kira magariba.

Baba Kwami ya ƙi karɓar ko sisi. Na buɗe masa kwallata, na ce fuskokin mutane amana ce ba zan iya bayarwa ba, amma katunan nawa ne, ya zaɓa. Ya ɗauki na marina, ya ba ni na kasuwar raƙuma da na wata mata mai kitso, da rubutun Faransanci a baya wanda har yau Yaya yake cewa zai karanta min in ya samu lokaci. Da za mu tashi sai ya ɗaure ƙullin Kanawan nan duka ya ɗora min a cinya. Ya ce shi ya tsufa, in ya mutu 'ya'yansa za su sayar wa Nasara masu ratsa hamada. "Ki kai su gida. Sun daɗe a baƙunta."

Yaya ya taya keken zai saya duk da haka. Tsohon ya ce a bari kaza ta ƙyanƙyashe tukuna. Igiyar dai ba ta yi asara ba, da ita muka ɗaure kwalla, don murfin ya ƙi rufuwa. A Ɗan Barto muka sake samun jandarman nan. Ya dubi kwallar ya ce, "Madam, sun ƙaru." Na ce 'yan gida ne za su koma. Muna tsallakowa Kwangwalam direban nan da ya kai mu ya zaro hoton mutuminsa ya manna da yawu, Yaya kuma murya ta dawo. Kafin mu kai Daura ya gaya wa duk motar cewa ubanmu ne kaɗai a fataken Kano da takalmin Bature ya yi wa kaɗan. Yanzu wannan yake faɗa a unguwa, kuma wannan karon gaskiya ne.

Saboda haka duk wadda ubanta ko kakanta ya yi fataucin Damagaram, ta zo Mandawari ta tambayi gidan Malam Inuwa tela, bayan la'asar na fi samun sukuni. Mutum biyu sun riga sun gane nasu. Ku zo da tsofaffinku tun suna gani, sai dai ku sani sauran duk da takalmi suke.

Hoton Babanmu bai shiga kwalla ba, yana ƙarƙashin matashin Inna. Idon ya ƙara ja baya tun dawowarmu, yanzu ko da gilashin da tsohon ya bar mata sai rana ta take sosai take ɗan gani. Shekaranjiya na je na tarar ta fito da shi bakin ƙofa, ta riƙe shi ta ƙasa, babban yatsanta a kan ƙafafun, har wurin ya fara gogewa.

Na ce, "Inna, za ki cinye ƙafar nan da hannu. Riƙe ta gefe mana."

Ta ce, "Bar ta ta goge, ita na haddace. Fuskar ce baƙuwa, ita nake lallaɓawa."